Damargu da Masu Cewa "Ƙasar Nan Tamu Ce Tun Da"

Yau hirarmu ta tarihi ce. Za mu duba abin da ke sa wata gwamnati ta tashi ta ce ƙasar maƙwabta tata ce tun kaka da kakanni.

Ku mutanen Tanut da Belbeji, kun san Damargu ta taɓa zama rumbun gero. A da, Abzinawa nan suke sauka su auni hatsin da za su ci. Kuma babbar hanyar ayari nan ta ratsa. Daga Kano a bi Damagaram, a keta Damargu, a kai Agadas, a wuce Gat, har Tarabulus bakin teku. Raƙuma na ɗauke da fatu da turkuɗi da gashin jimina. Wanda ya riƙe wannan hanya, shi ke karɓar fito.

A 1890 Ingila da Faransa suka zauna a Turai. Suka ja layi bisa takarda, daga Say har Baruwa, bakin tafkin Cadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Amma aka ƙara magana guda: duk abin da ke na Sakkwato, rabon Ingila ne. To, nan gardama ta shigo. Kamfanin Ingilishi mai ciniki a kogin Kwara ya ce ikon Sarkin Musulmi ya kai har Damargu da Abzin. Gaskiya akwai zumunci tsakanin Sakkwato da sarakunan Agadas. Amma zumunci daban, mulki daban. Kuma kada ku zaci don son Sarkin Musulmi suka faɗi haka. Su ne suka ci Sakkwato da yaƙi a 1903.

A 1890 ɗin nan Sarkin Santambul, mai mulkin Tarabulus, shi ma ya rubuta. Ya ce ƙasashen bayan Tarabulus da hanyoyinsu, har wajen tafkin Cadi, nasa ne. Ba wanda ya zo ya tambayi manomin Damargu.

Faransa ta kama Damagaram a 1899, Damargu ta faɗa hannunta. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Kaya suka koma bin kudu, ayarin Tarabulus ya mutu. Daga nan gardama ta bar hanyarmu.

Amma tsohuwar maganar Santambul ba ta mutu ba. Italiya ta ƙwace Tarabulus, ta gaji maganar. Shugabanta Musolini yana neman suna. A 1935 Faransa ta yarda ta ba shi yankin Auzu, can arewacin Cadi, sai dai takardar ba ta zama doka ba. A 1973 Gaddafi na Libiya ya ɗauko wannan takarda, ya tura soja Auzu. Wuri ne na duwatsu da rairayi, mutane kaɗan. To, me ya gani? Ana ta faɗin akwai ƙarfen yuraniyom a ƙasa, irin na Arlit. Kuma mai riƙe da Auzu yana iya sa baki cikin mulkin Cadi.

An yi yaƙi, an rasa rayuka da yawa. A 1994 kotun duniya ta yanke hukunci, ta ce Auzu ta Cadi ce. Cikin wannan shekara sojan Libiya suka fita.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.