Ƙungiyoyin Sa Kai da Kula da Rayuwar Matasa a Birnin Kano

Gabatarwa

Ƙofar Ɗan Agundi tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, a ɓangaren kudancin birni, cikin Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye. An fara gina ganuwar tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Kusa da ƙofar, a kan titin da ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, akwai Kwalejin Rumfa, wadda aka kafa a 1927 a matsayin Makarantar Midil ta Kano. A nan marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya yi karatu.

Duk wanda ya tsaya a wannan ƙofa da safe zai ga matasa iri-iri: ɗalibai sun nufi makaranta, masu koyon sana'a sun nufi wajen iyayen gidansu, wasu kuwa suna zaune a majalisa, ba karatu ba sana'a. Dukkansu 'ya'yanmu ne. Wannan shafi ya ƙunshi bayani a kan yadda ƙungiyoyin sa kai suke kula da lafiya da tarbiyya da sana'ar waɗannan matasa, da darasin da muka koya daga ayyukansu.

Halin da matasanmu suke ciki

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa Jihar Kano tana da mutane fiye da miliyan 9, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Manufar Ƙasa kan Matasa ta 2019 ta bayyana matashi da cewa shi ne mai shekara 15 zuwa 29. Manyan matsalolin da suke addabar wannan rukuni a unguwanninmu sun haɗa da:

1. Rashin aikin yi da barin makaranta tun ba a kammala ba.
2. Shaye-shayen miyagun ƙwayoyi, kamar tabar wiwi da sholisho da tiramol da maganin tari mai kodin.
3. Harkar daba da faɗan unguwa, da kuma ƙwacen waya a 'yan shekarun nan.
4. Ƙarancin sani game da lafiyar jiki a lokacin balaga, musamman ga 'yan mata.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Kafin nan, a watan Mayu na 2018, Gwamnatin Tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a nan Kano.

Waɗannan matsaloli a sarƙe suke da juna. Yaron da ya bar makaranta bai kama sana'a ba, majalisa ce makarantarsa, kuma sau da yawa a nan yake fara kurɓar abin da zai kai shi daba.

Tushen aikin: al'adar gayya

Taimakon matasa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun kafin zuwan ƙungiyoyin zamani, unguwannin cikin birni suna da ƙungiyoyin aikin gayya, waɗanda samari suke kafawa da izinin mai unguwa da dattawa. Su ne suke yashe magudanan ruwa kafin damina, su gyara maƙabarta, su cike ramukan lunguna, su buɗe makarantun dare da na Islamiyya, su kuma yi karo-karo don kai marar lafiya asibiti ko biyan kuɗin jarrabawar maraya.

Amfanin gayya bai tsaya ga kwatar da aka yashe ba. Saurayin da aka danƙa wa cebur da baro, dattawa suka sa masa albarka a gaban jama'a, ya samu matsayi a unguwarsu, kuma da wuya ya yarda ya zubar da shi. A kan wannan tushe ne ƙungiyoyin zamani da suka yi nasara suka ɗora gininsu.

Ƙungiyar AHIP

Daga cikin ƙungiyoyin da suka daɗe suna wannan aiki a Kano akwai ƙungiyar wayar da kan matasa game da lafiyarsu, wadda aka fi sani da AHIP. Hajiya Mairo Bello ce ta assasa ta a 1989 a matsayin kulob ɗin matasa, daga baya ta zama cikakkiyar ƙungiya mai zaman kanta, ayyukanta kuma suka bazu zuwa wasu jihohin Arewa. Ayyukan nata sun kasu kamar haka:

1. Ilmin lafiya: koya wa samari da 'yan mata abin da ya shafi balaga, tsaftar jiki, illar shaye-shaye, da hanyoyin kare kai daga cututtuka irin su ƙanjamau.
2. Koyar da sana'o'in hannu, domin matashi ya dogara da kansa.
3. Horon shugabanci, inda ake horar da wasu matasa su zama masu faɗakar da tsararrakinsu, domin matashi ya fi sakin jiki da ɗan'uwansa matashi.
4. Wasannin motsa jiki. Kulob-kulob ɗinta na ƙwallon kwando, na maza da na mata, sun buga a gasannin ƙasa.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙungiyar ta haɗa waɗannan fannoni wuri guda. Uban da zai yi jinkirin barin 'yarsa ta je sauraron lacca, ba zai hana ta zuwa koyon sana'a ba. Haka kuma saurayin da ba ya zama a aji, yakan zo filin ƙwallo da ƙafarsa. Ta haka sana'a da wasa suka zama ƙofar da ilmin lafiya yake shiga.

Batun amincewar iyaye da malamai

Babban ƙalubalen irin wannan aiki shi ne samun yardar jama'a. Maganar balaga da zamantakewar aure abu ne da al'adarmu ta lulluɓe da kunya, kuma iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ake koya wa 'ya'yansu, musamman idan tallafin aikin daga ƙasashen waje yake zuwa. Wannan damuwa ba ta tsaya a Kano kaɗai ba. Manhajar da aka tsara wa makarantun ƙasar nan a kan wannan fanni ta gamu da suka, har sai da aka sake duba ta, aka sauya mata suna a 2003 zuwa Ilmin Rayuwar Iyali da Cutar Ƙanjamau, aka kuma bai wa jihohi damar daidaita ta da addini da al'adun jama'arsu.

Hanyar da AHIP ta bi ita ce jawo malaman addini da sarakunan gargajiya da iyaye cikin aikin, a zauna da su a tattauna. Addinin Musulunci bai hana wannan ilmi ba. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu cike suke da bayanin tsarki da haila da alamomin balaga da haƙƙoƙin ma'aurata. Darasin a fili yake: aikin matasa da ya tsallake mai unguwa da liman da uwar gida ba ya daɗewa, komai yawan kuɗin da aka zuba masa.

Gudummawar hukuma

Gwamnatoci daban-daban sun ɗauki matakai a wannan fanni. An kafa Hukumar Hisba ta Jihar Kano da doka a 2003. A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da shirin A Daidaita Sahu domin gyaran ɗabi'un al'umma. A wa'adinta na 2011 zuwa 2015, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa cibiyar gyaran hali a Ƙiru domin matasan da shaye-shaye ya kama. A matakin tarayya kuwa, akwai hukumar NDLEA da aka kafa a 1989, sannan a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958.

Sai dai hukuma tana iya kamawa, asibitin Dawanau yana iya yin magani, amma bayan an sallami yaro unguwarsu zai koma. Idan ya tarar da tsohuwar majalisarsa kaɗai ce take maraba da shi, to an yi aikin baban giwa. Wannan gurbi ne da ƙungiyoyin unguwa suka fi kowa iya cikewa, ta hanyar nema masa maigida a wajen sana'a da kuma sa ido a kansa cikin mutunci.

Abin da ya rage a gabanmu

Yawancin manyan ƙungiyoyin sa kai sun dogara ne da tallafin waje, kuma rufe hukumar tallafi ta Amurka, wato USAID, a 2025 ya nuna cewa wannan rijiya tana iya ƙafewa. Saboda haka muna kira:

1. Ga attajiranmu, da su ware wani kaso na sadaka da waƙafi domin koya wa matasa sana'a da ba su jari.
2. Ga masu sana'a, da kowa ya ɗauki yaro ko da ɗaya ne daga unguwarsu.
3. Ga iyaye, da su daina ɓoye matsalar shaye-shaye saboda gudun abin kunya, su kai yaro asibiti da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
4. Ga ƙungiyoyi, da su yi rajista da hukuma, su riƙa bayyana wa jama'a yadda suke kashe kuɗin da aka ba su amana.

Kammalawa

Magabatanmu sun haɗa hannu sun gina ganuwa da ƙofofinta domin kare jama'ar birni daga mahara. Abin da yake barazana ga 'ya'yanmu a yanzu a cikin lungunanmu yake, kuma kariyarsa ita ce ilmi da sana'a da kulawar unguwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya saka wa masu wannan hidima da alheri, ya kuma ƙara wa Jihar Kano zaman lafiya da arziki, amin.