Promise.try

Promise.try wata hanya ce a cikin JavaScript, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da ke ba mai rubuta manhaja damar kiran kowane aiki ta salo guda, ko aikin na nan-take ne ko na jinkiri. Kwamitin TC39 na ƙungiyar Ecma International ya amince da ita a 2024, aka kuma shigar da ita cikin ƙa'idar ECMAScript ta 2025.

Asalin matsalar

Ayyuka a JavaScript sun kasu kashi biyu. Na nan-take, wanda ake kira synchronous a Turance, yana mayar da sakamako da zarar an kira shi, kamar aikin da ke tara lambobi. Na jinkiri, wato asynchronous, yakan mayar da Promise, ma'ana alkawarin cewa sakamako na tafe, kamar yadda fetch ke yi idan yana ɗauko bayani daga intanet. Promise ya shigo cikin yaren a 2015, async da await kuma a 2017.

Bambancin ya fi fitowa fili idan an samu kuskure. Aikin nan-take yana jefo kuskurensa a take, sai try da catch su tare shi. Na jinkiri kuwa karya alkawarinsa yake yi daga baya, sai .catch() ya kama shi. Wahalar tana zuwa ne idan mai rubuta manhaja ya karɓi aiki daga hannun wani bai san irinsa ba, ko kuma aikin na da fuska biyu: ya amsa nan take idan bayanin na ajiye, ya jira idan sai an je intanet. Kuskuren da aka yi wa tarko a wuri ɗaya sai ya ɓullo ta wani wurin, kuma a Node.js kuskuren da ba a kama ba na iya tsayar da manhajar gaba ɗaya. Isaac Schlueter, wanda ya ƙirƙiri npm, ya yi gargaɗi kan irin waɗannan ayyuka masu fuska biyu a 2013.

Hanyoyin da aka saba bi

Wasu sukan rubuta Promise.resolve(f()). Matsalarta ita ce ana kiran f kafin a ƙulla alkawarin, don haka idan ya jefo kuskure nan take, .catch() ba zai gan shi ba.

Ta biyu ita ce Promise.resolve().then(f). Wannan tana kama kuskure iri biyun, amma tana jinkirta f har sai layukan da ke gudana sun ƙare, ko da babu bukatar jira.

Ta uku, new Promise(r => r(f())), tana kiran f nan take kuma tana kama kuskure, sai dai mai karatu ba ya saurin gane manufarta.

Yadda take aiki

Idan aka rubuta Promise.try(f), ana kiran f nan take. In ya mayar da sakamako, alkawarin ya cika da shi. In ya jefo kuskure, alkawarin ya karye da wannan kuskuren. In kuma ya mayar da wani Promise, sabon alkawarin zai bi makomarsa. Ana iya miƙa wa aikin bayanan da yake bukata a gaba, kamar Promise.try(f, a, b). Tun kafin ta shiga yaren, laburaren Bluebird na da hanya mai wannan suna da wannan aiki.