Tasirin Gasar Kacici-kacici a kan Shirin Jarrabawa: Nazari a kan Gasar Kimiyya da Lissafi ta Ghana

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda shiga gasar kacici-kacici ke sauya yadda ɗalibi yake shirya wa jarrabawa. An ɗauki gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandaren Ghana, wato NSMQ, a matsayin misali, aka auna tsarinta da binciken masana halayyar ɗan'adam kan tunawa da mantuwa. Maƙalar na ganin gasar tana koyar da gwada kai, amma tana cusa gaggawar da takardar dogon bayani ba ta lamunta.

Tsarin gasar

An fara NSMQ a 1993, ana kuma nuna ta a talabijin. Makarantu uku ke karawa a zama ɗaya kan lissafi, fiziks, kimiyyar sinadarai da ilimin halittu. Zagaye biyu ne suka fi shafar nazarinmu. A na rige-rige, wanda ya riga danna ƙararrawa shi ke amsawa, in ya kuskure a zabge masa maki. A na ƙarshe kuwa ana karanto alamomin amsa ɗaya bayan ɗaya: wanda ya cafko ta a alamar farko ya sami maki 5, a ta biyu 4, daga nan sai 3.

Gwada kai da maimaita karatu

Ɗan gasa ba ya shiri da zura wa littafi ido. Abokin atisaye ne ke jefo masa tambaya, shi kuma ya zaƙulo amsa daga ka. Roediger da Karpicke (2006) sun gwada wannan a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka. Rukuni ɗaya ya karanta nassi a zama huɗu, wani ya karanta a zama ɗaya sannan ya yi ƙoƙarin tuno shi sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lissafi ya juye: masu gwada kansu suka tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Abin lura shi ne, rukunin da ya sha kaye shi ne ya fi amanna zai tuna. Sabo da shafi kan yaudari ɗalibi ya ɗauka ya iya.

Ɗabi'a ta biyu ita ce rarraba karatu. Tun 1885 Ebbinghaus ya nuna mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan koyo. Tunda tambaya na iya fitowa daga ko'ina cikin manhaja, ɗan gasa ya tilastu ya riƙa komawa baya tsawon watanni. Mahaddatan Alƙur'ani sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa wasa da muraja'a. Dunlosky da abokan aikinsa (2013) sun tace dabarun karatu goma, gwada kai da rarraba karatu kaɗai suka ba babban matsayi, suka ajiye ja wa rubutu layi a sahun ƙasa.

Inda gizo ke saƙa

Gasa tana saka wa mai tsinkayar amsa kafin a gama tambaya. Wannan na da amfani a takardar zaɓin amsa, kamar UTME a Nijeriya, inda ake fuskantar tambayoyi 180 cikin awa biyu. Amma WASSCE, wadda ɗaliban Ghana da Nijeriya ke rubutawa, tana da takardar bayani, kuma a lissafi ana ba da maki ga hanyar da aka bi, ba ga amsa kaɗai ba. Wanda ya saba tsallake matakai a zuci zai yi asarar makin abin da ya sani sarai.

Akwai kuma tarko ga mai nazari. Makarantu kan zaɓi zakarun ɗalibai ne su wakilce su, don haka nasararsu a jarrabawa ba ta isa hujjar cewa gasar ce sila ba. Kwatancin da zai gamsar sai ya haɗa ɗalibai masu ƙwazo ɗaya tun farko, wasu suna atisayen gasa wasu ba sa yi, a kuma auna sakamakonsu na zaɓin amsa dabam da na takardar bayani.