Yadda Kwamitin Iyaye Ya Sake Shata Iyakokin Makarantu A Birnin Charlotte

Tarihin da za mu duba yau daga Amurka ya fito, daga birnin Charlotte da ke jihar Karolina ta Arewa, kuma a kan taswira yake.

A can, gidan da kake zaune shi ke yanke makarantar gwamnatin da ɗanka zai shiga. Hukumar ilimi ce ke ɗaukar taswirar gari ta shata layi, ta ce 'ya'yan wannan ɓangare su tafi makaranta kaza, na wancan su tafi kaza. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta ware makarantun farar fata daban da na baƙar fata. To amma tun da unguwannin kansu a ware suke, sai ya zama ba a ma buƙatar dokar wariya. In mai riƙe da alƙalami ya bi bakin unguwa ya ja layinsa, buƙata ta biya.

A 1965 wani lauya baƙar fata mai suna Julius Chambers ya kai hukumar ilimin Charlotte da gundumar Mecklenburg kotu a madadin wasu iyaye. Na gaba a cikinsu su ne Darius Swann da matarsa Vera, waɗanda suka dawo daga aikin mishan a Indiya suka nemi a sa ɗansu mai shekara shida a makarantar Seversville, wadda ke kusa da gidansu kuma ta haɗa yara na kowane launi, aka ce taswira ba ta ba shi ba. Lokacin da shari'ar ta yi nisa, hukumar na da ɗalibai sama da 84,000 a makarantu 107. Kusan 24,000 baƙar fata ne, kuma kimanin 14,000 daga cikinsu suna makarantu 21 da da ƙyar za ka ga farar fata ko ɗaya a ciki.

A 1969 Alƙali James McMillan ya ce wannan tsari bai halatta ba. Hukumar ta yi ta jan ƙafa, sai ya ɗauko wani masani, John Finger, ya zana taswirar da za a riƙa kwasar yara a motocin bas daga wannan unguwa zuwa waccan. Aka fara a watan Satumba na 1970, kuma ranar 20 ga Afrilu, 1971 alƙalan Kotun Ƙoli duka tara suka goyi bayansa.

An ci shari'a, amma gari bai kwanta ba. An sa wa ofishin Chambers wuta a farkon 1971, bayan tun a 1965 an jefa bam a gidansa. Wata ƙungiyar iyaye masu adawa da bas ta tsayar da 'yan takara suka ci kujeru a hukumar. Faɗa tsakanin ɗalibai ya yi ta tashi a makarantun sakandare. Ga kuma sauyin taswira kusan kowace shekara, uba bai san inda ɗansa zai kasance baɗi ba.

Abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne rabon wahalar. Baƙar fata ne suka fi ɗaukar nauyin, domin makarantunsu aka fara rufewa, har da tsohuwar sakandaren Second Ward da aka kulle a 1969, 'ya'yansu kuma su ne suka fi daɗewa a cikin mota. Bayansu sai farar fata masu ƙaramin ƙarfi na arewaci da yammacin gari. Amma unguwannin masu hannu da shuni na kudu maso gabas, inda manyan gari ke zaune, ko yaya aka juya taswirar sai ka tarar layin ya kauce musu. Talakan farar fata ya gane haka sarai. Fushinsa ya rabu biyu, rabi a kan alƙali, rabi a kan attajiran da ke yi masa wa'azin bin doka alhali 'ya'yansu na takawa da ƙafa zuwa makarantar bayan gida.

A cikin wannan hali ne a 1973 aka kafa kwamitin ba da shawara na mazauna gari, ƙarƙashin wata mata mai suna Maggie Ray, wadda ta taɓa koyarwa. An haɗa baƙi da farare, masu son bas da waɗanda suka tsane shi, mutanen yamma da na kudu maso gabas. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin taro ya san irin wannan kwamiti yawanci don a kashe magana ake kafa shi: a ba su wuri su yi ta surutu, su kawo rahoto, a jefa a durowa. Hukumar ma ba ta ɗauke su da wani nauyi ba. Su kuwa suka yi ta zama, wani lokaci a gidajen juna ana cin abinci, har suka gano cewa ba za su taɓa jituwa a kan bas ba, amma suna iya jituwa a kan abu ɗaya: in dai za a yi, to kowa ya ɗanɗana. Suka fitar da ƙa'idoji. Kada wata unguwa ta tsira don arzikin mazaunanta. Kada tafiyar ta zama ta gefe guda. Kuma a bar taswira ta zauna na wasu shekaru, iyali su san inda suka dosa.

A 1974 McMillan ya saurare su a kotu, ya nuna ya fi gamsuwa da tunaninsu a kan na hukumar, ya sa ma'aikatanta su zauna da su a fitar da tsari guda. Ƙashin bayan tsarin shi ne makarantar West Charlotte, sakandaren da baƙar fata ke alfahari da ita. Aka shata layi ta yadda 'ya'yan unguwannin attajirai irin su Eastover za su hau bas su tsallaka gari zuwa can. A ganina nan ne kwamitin ya yi abin da alƙali shi kaɗai ba zai iya ba. Alƙali na iya ba da umarni, amma ba shi da bakin da zai sa mutumin yamma ya yarda cewa ba a cuce shi ba. Wasu attajiran sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, wasu kuwa suka tura nasu, kuma da suka tura, sai gyara da kayan aiki suka bi su.

Alƙalin ya amince da tsarin a watan Yuli na 1974. A kakar wannan shekara, lokacin da ake jifar motocin 'yan makaranta a Boston, ɗaliban West Charlotte ne suka gayyaci takwarorinsu na can su zo su ga yadda ake zama tare. A 1975 McMillan ya janye hannunsa daga shari'ar. Da Shugaba Reagan ya zo garin a 1984 ya kushe tsarin bas, jaridar Charlotte Observer ta mayar masa da martani cewa ya yi kuskure.

Tsarin ya yi shekara ashirin da 'yan kai. Gari ya cika da sababbin zuwa waɗanda ba su san yadda aka sha kafin a kai ga wannan taswira ba. A 1997 wani uba farar fata ya kai ƙara cewa an hana 'yarsa gurbi saboda launinta. A 1999 Alƙali Robert Potter, wanda shi kansa yana cikin masu adawa da bas tun farkon rikicin, ya yanke cewa an gama gyaran wariya, a daina duba launi wajen raba ɗalibai. Daga 2002 aka koma tsarin da ke ba kowane yaro gurbi a makarantar da ke kusa da gidansu, kuma cikin 'yan shekaru West Charlotte ta sake zama makarantar da akasarin ɗalibanta baƙar fata ne 'ya'yan talakawa.