Yadda Fatar Jar Akuya Ta Sami Lamba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta ranar kasuwa, a Jabo ko Tambuwal ko can ƙasar Kebbe, ya ga yadda mai sayen fata yake ɗaga fatar akuya ya hangi rana ta cikinta, ya juya ta ciki da bai, ya shafi gadon bayanta da tafin hannu, sa'an nan ya jefa ta bisa ɗaya daga cikin tsibin da ke gabansa ba tare da ya ce uffan ba, to, ya ga ƙarshen wani dogon al'amari wanda farkonsa yake cikin littattafan fikihu, tsakiyarsa kuwa yake hannun Turawan ciniki. Akuyoyi biyu mai yiwuwa uwarsu ɗaya, garkensu ɗaya, rana ɗaya aka yanka su, amma fatar wannan ta zama lamba ɗaya, ta waccan ta zama lamba uku.

Rarrabewa ta farko da kakanninmu suka sani ta shari'a ce. Malaman mazhabar Malikiyya sun bambanta fatar dabbar da aka yanka da fatar mushe, suka ce ta mushe, ko da an jeme ta, ana iya amfani da ita ga busassun abubuwa, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan suke karantawa a zaure, ta hana algus, ta hana ɓoye aibin haja, ta hana cuɗa mummuna da kyakkyawa, ta kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya tarar da aibu a cikinsa. Da aka kafa daular Sakkwato bayan jihadin 1804 sai aka naɗa muhtasibi domin lura da kasuwa da ma'auni, Malam Abdullahi na Gwandu, wanda garinsa ba shi da nisa da mu, ya yi rubutu a kan hisba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Usulus Siyasa, ya hori shugabanni da su kula da masu sana'a. Amma a haƙiƙanin mu'amala ta yau da kullum, alƙalin fata shi ne majemi, domin shi zai tsoma ta cikin ruwan toka, ya kankare gashin da kartaji, ya jiƙa ta da bagaruwa, ya shafe ta da mai, kuma idan akwai ɓarnar wuƙa to a hannunsa za ta bayyana cikin 'yan kwanaki, alhali mahaucin da ya sayar masa yana nan cikin gari, gobe ma za su haɗu a masallaci. Wannan kusanci shi ne ya tsare ingancin fata shekaru aru-aru, ba tare da hatimi ko takarda ba.

Fatar da aka jeme haka, aka rina ta ja da karan dafi, ita ce fatake suka riƙa kaiwa Kano, daga can raƙuma su ratsa hamada da ita zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus. Bature Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambaci takalma da jemammun fatu cikin hajar da ake fitarwa zuwa arewa. Da yake Turawa daga hannun Larabawan gaɓar teku suke karɓarta, sai suka haɗa ta da sauran fatun da suke kira fatar Maroko, sunan Sakkwato ya ɓace a hanya. Sai wajen shekarar 1900, da ta fara isa Ingila ta kogin Kwara, masu ɗaurin littattafai na can suka shiga kiranta da sunan kogin, suna yabon ƙarkonta da kyawun fuskarta.

Abin da ya juya al'amarin ya faru ne nesa da mu ƙwarai. A 1884 wani mutum a Amurka, Augustus Schultz, ya fito da hanyar jima da sinadarin kurom, wadda take gama cikin ɗan lokaci abin da bagaruwa take ɗaukar kwanaki tana yi, ba a jima ba masana'antun birnin Filadelfiya suka shiga neman fatar akuya daga ko'ina cikin duniya domin takalma masu sheƙi. Su kuwa ɗanya suke bukata, busasshiya, da gashinta, domin su jeme da kansu. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, kamfanoni irin su John Holt da UAC da Ambrosini suka buɗe kantunan saye, sai ga fatar da aka fiɗe a ƙauyen Jabo tana tafiyar watanni kafin ta shiga ruwa. A nan fitinar ta taso. Mutanenmu sun saba shanya fata a ƙasa, a kafe gefunanta da tsinke a bar ta cikin rana; zafin rana kuwa yakan ƙafar da bayanta tun cikinta bai bushe ba, sai ruɓa ta kama a ɓoye, ido ba ya gani, hannu ba ya ji, sai ranar da majemin Turai ya jiƙa ta fuskarta ta saluɓe. Mai aibin yana wata nahiya, mai hasara yana wata, babu alƙalin da zai haɗa su, babu halin mayar da haja.

Saboda haka aka nemi a maye gurbin wancan sanin juna da ƙa'ida rubutacciya. Ma'aikatar dabbobi, wadda ta kafa cibiyarta a Vom a 1924, tare da hukumomin En'e, suka shiga gina rumfunan shanya a kasuwanni, inda ake rataye fatar akuya a inuwa iska ta ratsa ta ta kowane gefe. Aka kawo wuƙar fiɗa mai lanƙwasasshen baki maras tsini. Aka horar da malaman fata suna zagaya mahautai. Aka riƙa buga hatimi ga wadda aka shanya bisa ƙa'ida. A zamanin yaƙin duniya na biyu kuma aka yi dokar fatu da ƙiraga ta ƙasa baki ɗaya. Daga nan ne lamba ta shigo: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai kuma wadda aka ƙi. Ana duban huda da tsagar wuƙa, da tabon kaska, da kirci, da ƙazuwa, da kartar ƙaya, da lalas, da cin ƙwaro. Har ma aka kai ga dabbar kanta, domin a lardin Sakkwato an yi ta dandaƙe bunsuran da ba jajaye ba don irin ya tsarkaka, Faransawa ma suka yi makamancin haka a Maraɗi, inda akuyar nan take da gida na biyu. A ganina an wuce gona da iri wajen launi, gama kyawun fatar yana ga tsarin fuskarta da ƙarfin zarenta, gashin kuwa kankare shi ake yi; sai dai ja shi ne alamar da mai saye yake iya gani daga nesa, alama kuwa ita ce abin da kasuwa take biya.

Lamba dai ittifaƙi ne a kan iyakar bambancin da za a yafe, mai ƙarfi a ciniki kuwa shi yake shata iyakar.

Na ga inda ake yanke wannan hukunci tun ina yaro, ranar wata walimar suna a gidanmu. An yanka akuya, na ɗauki wuƙa da zumuɗi zan taya, sai wani kawuna, tsoho wanda ya yi fawa a ƙuruciyarsa, ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Aje wuƙag ga, ɗan nan, hannu ka fiɗar akuya." Ya tsaga ƙafar baya kaɗan, ya sa baki ya hura har dabbar ta kumbura kamar salka, ya bubbuga ta, ya yi tsaga ɗaya miƙaƙƙiya daga wuya zuwa wutsiya, sa'an nan ya dunƙule hannu ya riƙa cusawa tsakanin fata da nama tana rabuwa da kanta. Bai fi 'yan mintoci ba. Da ya ɗaga ta ga haske babu inda rana ta ɓullo. Yamma ta yi, yaron mai sayen fata ya zo, ya ba shi daidai kuɗin da ya ba maƙwabcinmu, wanda tasa take da huda biyu.

Wannan shi ne raunin da tsarin ya taso da shi tun asali. Bambancin kuɗi tsakanin lamba ɗaya da lamba uku yana da yawa a ƙofar masana'anta, yana raguwa a hannun babban dillali, kafin ya iso ƙauye galibi ya narke, sabili da ƙaramin mai saye jimla yake yi, ya haɗa mai kyau da maras kyau ya biya tsaka-tsaki. Muddin malamin fata yana zagayawa, tsoron hukuma yana cike wannan giɓi. An kafa aikin horarwa a kan fatu a Samaru ta Zariya a 1964, wanda ya girma ya zama cibiyar binciken fata ta ƙasa, daga baya gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar fata domin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa su samu abin jemewa. Amma a cikin waɗannan shekaru rumfunan shanya suka zube ɗaya bayan ɗaya, gishiri ya karɓe aikinsu, ƙiragan shanu kuwa tukunyar ganda ta fi majemi iya biyansu.

Fatun layya su ne suka fi nuna halin da ake ciki. Shari'a ta hana mai layya ya sayar da fatar ko ya biya mahauci da ita, don haka sadaka ake bayarwa, kuma a ranar da aka fi kowace rana yanka a shekara, masu riƙe da wuƙa galibinsu ba mahauta ba ne, hankalinsu kuma yana ga nama. Matasa su bi gida-gida su tara, a barbaɗa gishiri, a ninke, a ɗora bisa babur zuwa Tambuwal, daga can mota ta ɗauka. Sai a Kano, bayan an jeme ta gashin ya tafi, wani mai tantancewa wanda bai taɓa jin sunan Jabo ba zai shimfiɗa ta ƙarƙashin fitila, ya bi sawun wuƙar da yatsa, ya rubuta mata lamba a gefen wutsiya.