Tarihin ƙofa ta ɗaya: yadda harafi ke isa fuskar kwamfuta

Wanda ya zauna gaban kwamfuta a Sabha, babban birnin Fezzan da ke kudancin Libiya, zai ga haruffa iri biyu a kan madannai, na Larabci da na boko. Madannin da ke ɗauke da k shi ne ke ɗauke da nun. Bahaushen da ya zo daga Agadas ko Kano zai nemi ƙ da ɗ da ɓ ya rasa, har ya ɗauka na'urar ce ba ta san su ba. Tarihi ya nuna cewa allon madannai bai san kowane harafi ba. Lamba kurum yake aikawa.

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur. Ƙwaƙwalwarta ba ta zaman jiran mai rubutu. Tana cikin aikinta sai na'ura ta yi sallama, ta katse ta. Wannan shi ake kira katsewa, layukanta kuwa IRQ. An sanya wani ɗan guntu na kamfanin Intel mai lamba 8259 ya zama kamar sarkin ƙofa: yana da ƙofofi 8, daga 0 zuwa 7, yana gabatar da masu sallama bisa muƙami. Ƙofa ta 0 ta agogo ce, ta 1 kuma ta allon madannai. A 1984, da samfurin AT ya fito, aka haɗa guntu biyu, ƙofofin da ake iya amfani da su suka kai 15.

Linzamin kwamfuta bai sami ƙofar kansa da wuri ba. Da yawa ana jona su ne a mashigar da ke amfani da ƙofa ta 4 ko ta 3, inda wasu na'urori kamar modem su ma ke bi. Idan biyu suka haɗu a ƙofa guda, sai linzami ya tsaya cik, mai gyara ya buɗe akwati ya sauya saiti da hannu. A 1987 samfurin PS/2 ya keɓe wa linzami ƙofa ta 12.

Samun ƙofa bai wadatar ba, sai an sami mai amsa sallama. Wannan shi ne aikin direba, wato 'yar manhajar da ke tsakanin na'ura da babbar manhajar sarrafa kwamfuta. A zamanin DOS akwai wani jadawali a farkon ma'adanar kwamfuta, kowace manhaja na iya rubuta adireshinta a gurbi na 9, wanda ke amsa ƙofa ta 1, ta karɓe madannai. Ta haka manhajar KEYB ke sauya tsarin haruffa zuwa na Faransa ko na Jamus. Amma da yake babu mai raba gardama, manhajoji kan ture juna.

Daga baya aka kafa doka. A Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, direba yakan gabatar da buƙata: ga lambar ƙofar da nake so, ga aikin da za a kira idan an yi sallama. Idan wani ya riga shi, kuma ba su amince su yi tarayya ba, sai a hana shi. Har yau direban i8042 yana riƙe da ƙofa ta 1 da ta 12 a kwamfutocin cinya da dama. Tsarin USB da ya zo a 1996 ya bi wata hanya: mai kula da mashigar ne ke zagayawa yana tambayar na'urori, sannan ya yi sallama a madadinsu.

Mu koma ga madannin nan na Sabha. Idan aka danna shi, ƙofa ta 1 ta amsa, direba ya karanto lamba 37. Daga nan wani jadawali na daban, wato tsarin madannai, shi ke yanke hukunci ko 37 ta zama k ko nun. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa suna cikin ma'aunin Unicode tun 1991.

Saboda haka ɗalibin da ke rubuta kasa alhali ƙasa yake nufi, ko daki a maimakon ɗaki, ba shi da uzuri wajen na'ura. Ya shiga saitin harshe na Windows ko na Linux, ya ƙara tsarin Hausa, ya koyi inda aka ajiye ƙ da ɗ da ɓ. Allon da ya saba da shi zai rubuta su.