Daga Bayan Gari Zuwa Cikin Ɗaki: Yadda Masu Busa Suka Koyi Rage Murya

A duk kayan busar da muka gada a fadojin ƙasar Hausa, babu wanda aka ƙera don ya yi magana a hankali. Kakaki shela ce. Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, kuma tun daga lokacin aikinsa ɗaya ne: na nesa ya san sarki ya fito. Tsawonsa kan wuce mita biyu, muryoyinsa kaɗan ne, da su ake faɗin kirari. Haka algaita, haka farai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah a Katsina ya san busar nan a ƙirji ake fara jin ta kafin kunne. Don haka a gidan masu busa ba a damu da rage ƙara ba. Yaro a gaban ubansa yake koyo, unguwa ta san gidan da take maƙwabtaka da shi, in abin ya yi yawa a fita bayan gari.

Mu kuwa ta wata ƙofar muka shigo sana'ar. Begila ta zo ne tare da rundunar da Lugga ya haɗa a ƙarshen ƙarni na 19, wadda Hausawa suka cika ta. Daga bariki, musamman Daffo na Zariya da aka kafa a 1924, badujala ta bazu zuwa 'yan sanda da 'yan doka da makarantun kwana. A makarantar kwana na fara riƙe begila, daga baya aka miƙa mini tiramfet. Bambancinsu madannai uku ne, waɗanda aka ƙirƙiro a Jamus wajen 1815, wani Bafaranshe mai suna Périnet ya gyara su zuwa irin da muke dannawa yau. Da madannan nan babu muryar da ba za ka fitar ba, amma da sharaɗi: tiramfet leɓe ne. Ka yi kwana uku ba ka busa ba, leɓe ya yi sanyi, muryoyin sama su gudu. Dole kullum sai an busa, kuma nan rigima da maƙwabta take farawa.

A bariki ba matsala. Saje zai nuna maka gindin bishiya can ƙarshen fili, ka je ka yi ta yi har leɓenka ya kumbura. Sai mutum ya dawo gida yake gane cewa filin nan ne ya rufa masa asiri. A yankinmu na Tamawa da Kurfi da Dutsin-Ma a da abin da sauƙi. Ga duwatsu, ga gonaki bayan an yi girbi, ga hanyar madatsar Zobe. Da la'asar sai ka ɗauki ƙahonka ka fita, ba mai jin ka sai makiyaya. Yau wane uba ne zai bar ɗansa ya nufi daji da yamma, bayan abin da 'yan bindiga suka yi wa wannan yanki? Ko a gefen gari ne, ƙarar ƙaho a lokacin da ba a saba ba tana iya tayar da hankalin mutane. Busa ta koma ɗaki, ɗakin kuma bango ɗaya ne da na wani.

Dabarun farko duk na gida ne. Wani ya cusa tsumma ko tsohuwar safa a bakin ƙahon, wani ya kifa masa hula, wani ya tura shi cikin tulin tufafi yana busawa. Ƙara kan ragu, amma tsumma ba ya zama wuri ɗaya, muryar yau daban ta gobe daban, yaro kuma ya saba da jin kuskure har ya ɗauka shi ne daidai.

Matoshi, wanda 'yan badujala ke kira miyut, ya daɗe a duniya. A 1607 Monteverdi na Italiya ya rubuta a farkon wasansa na Orfeo cewa a toshe ƙahonin, kuma matosan katako na wancan zamani har ɗaga murya suke yi. A Amurka masu jaz suka mayar da shi ado: King Oliver da kofi da kwalba, Bubber Miley na ƙungiyar Duke Ellington da robar zuƙe magudanar ruwa, sai matoshin Harmon na shekarun 1920 wanda daga baya ya zama tambarin Miles Davis. Mu ta faifan hailaif muka san wannan muryar, wajen su E.T. Mensah da Victor Olaiya da Rex Lawson, a zamanin da Bala Miller, ɗan asalin Zariya, yake nuna cewa da Hausa ma ana wannan kiɗa. Sai dai duk waɗannan na canza launin murya ne a gaban jama'a. Na gwaji a ɗaki aikinsa daban, kuma yara da yawa kan yi asarar kuɗinsu a nan. Matoshin wasa na gama-gari yana da 'yan ƙyallayen ɓawo guda uku a wuyansa, iska na fita ta tsakaninsu, ƙara na nan daram. Na gwaji kuwa zobe ne cikakke, yana rufe bakin ƙahon ruf, iska ba ta da mafita sai 'yar ƙaramar huda.

A wannan 'yar huda duk cinikin yake. In ta yi ƙanƙanta, maƙwabci zai yi barci, amma iska za ta riƙa tokare ka tana dawowa, sai ka koyi turawa da wuya da danna ƙarfe a leɓe. Ranar da ka cire matoshin, muryarka ta fito a shaƙe. Shi ya sa in saurayi ya zo ya ce, "Baba, wanne ya fi kashe ƙara?" nakan ce masa ba wannan ce tambayar farko ba. Nakan sa ya buɗe manhajar auna murya a wayarsa, ya busa murya ɗaya ba matoshi, ya sa matoshin ya sake busawa. Yawancinsu kan ɗaga murya sama. In kaɗan ne, kuma ɗagawar iri ɗaya ce daga ƙasa har sama, sai a ja bututun saiti a gyara. In kuwa wata ta hau wata ta sauka, a mayar wa mai shi kayansa. Bayan nan ya gangara har muryar ƙarshe ta ƙasa, wadda ake danne madannai uku duka. A nan matoshin banza yake tona kansa, muryar ta riƙa rawa ko ta ɓace. Sai nauyi: wanda ke rinjayar da bakin ƙaho ƙasa zai gajiyar da hannun hagu ya karkatar da zaman leɓe. Ƙara ita ce ta ƙarshe, kuma ba mai busa ke yanke hukuncinta ba. A rufe ƙofa, a tura ƙane tsakar gida ya saurara.

Cikin masu suna, na Denis Wick, wanda ya daɗe yana busa tirambon a ƙungiyar London Symphony, ƙarfe ne mara nauyi, kuma shi kansa ba don maƙwabta kaɗai ya yi shi ba. Ya koyar cewa a riƙa busa muryoyin ƙasa da ƙarfi a cikinsa don maƙogwaro ya buɗe. Na jarraba wannan da ɗalibai, yana aiki, muddin 'yan mintuna ne. Sshhmute na Trevor Bremner daga New Zealand roba ce, bai kai wasu shiru ba, amma iska ta fi wucewa kuma saitinsa ya fi zama, ni shi na fi so wa mai koyo. Best Brass na Japan ƙarami ne har a rufe akwati yana cikin ƙahon, ya dace da ɗumama leɓe kafin fareti, ba zaman awa guda ba. Sai Silent Brass da Yamaha ta fitar a 1995, mai 'yar makirufo a ciki da abin sawa a kunne. Amfaninsa babba ne, domin mai busa in bai ji kansa ba sai ya ƙara turawa ba tare da ya sani ba, wannan kuwa yana mayar masa da muryarsa a kunne. Amma yana cin batir, kuma da yadda naira ta koma, kuɗinsa zai iya sayen tsohon ƙaho sukutum.

Abin da ya fi isowa hannun yaranmu shi ne marasa suna da ake kawowa daga Sin, ta Legas ko Sabon Garin Kano. Ban raina su ba. A cikin kwali ɗaya za ka tarar da mai kyau da na banza, don haka kada a aiki direba ya sayo, a je da ƙahon a gwada, domin faɗin bakin ƙaho ma ya bambanta. In zoben ya ƙi kamawa, a hura masa hucin baki kafin a murɗa shi ciki. In ya cika tokarewa, maƙeri zai iya faɗaɗa hudar kaɗan, amma kaɗan ɗin, don ba ta komawa.

Tun da aka buɗe jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011, masu zuwa wurina sun ƙaru da ɗaliban da ke zaune a ɗakunan haya, wasu na badujalar coci, wasu na makaranta. Tsarin da nake ba su ɗaya ne. Matoshi na dare ne da bayan asuba, don motsa yatsu da karatun takarda. Dogayen muryoyi kuwa, ko na minti goma ne, a yi su da rana a filin makaranta, ƙaho a buɗe. In faretin 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba ya rage mako biyu, nakan karɓe matosan duka in kulle a akwatina sai an sauko daga fili.